Amsoshin Tambayoyinku: Kiɗan Jita da Babu Mai Waƙa a Cikinsa

Saƙonni huɗu daga cikin waɗanda suka iso wannan fili a watan nan sun haɗu a kan magana ɗaya, kuma dukkansu daga Zariya suka fito, shi ya sa na jera su wuri guda domin amsar wani ta taimaka wa tambayar wani.

Tambaya daga wani ɗalibin jami'a, Samaru: Malam, abokin zamana a ɗaki yana kunna wani irin kiɗa da daddare, jita ce da ganga kawai, babu wanda ke rera komai. Yakan fara a hankali kamar ba za a ji shi ba, sai ya yi ta hauhawa har ya koma ƙugi, kuma kiɗa ɗaya yakan kai minti ashirin. Ya ce sunansa fos-rok. Da fari ya dame ni, yanzu kuwa ni nake roƙonsa ya kunna. Mene ne asalinsa, kuma me ya hana su sa mawaƙi?

Amsa: Ɗan'uwa, sunan da abokinka ya faɗa maka daidai ne, ma'anarsa kuwa ita ce kiɗan da ya biyo bayan rok. Wanda ya yaɗa sunan wani marubuci ne ɗan Ingila, Simon Reynolds, a shekarar 1994, lokacin da yake sharhi a mujallar Mojo a kan faifan wata ƙungiya ta Landan mai suna Bark Psychosis, daga baya kuma ya faɗaɗa bayanin a mujallar The Wire cikin wannan shekarar. Abin da ya lura da shi shi ne cewa an sami matasa da suka riƙe kayan kiɗan rok yadda suke, wato jita mai lantarki da jitar bes da ganguna, amma suka daina yi musu aikin da aka saba. A kiɗan rok na yau da kullum jita tana share wa mawaƙi hanya ne, a yi baiti a yi amshi, cikin minti uku ko huɗu an gama. Su kuwa waɗannan sai suka mayar da hankali ga amon da kansa, yadda yake kauri ko siranta, yadda yake daɗewa a iska kafin ya mutu, da yadda shiru yake zama a tsakanin bugu da bugu.

Kafin a raɗa sunan an riga an haifi jaririn. Ƙungiyar Talk Talk ta Ingila ta yi suna da waƙoƙin rawa a farkon shekarun 1980, sai a 1988 ta fito da faifan Spirit of Eden, wanda aka ɗauki kusan shekara guda ana naɗarsa a sitidiyo mai duhu, makaɗa suna ta bugawa awa bayan awa ba tare da rubutaccen tsari ba, sannan aka zauna aka tsinci gutsattsarin da suka dace aka harhaɗa. A Amurka kuma wasu samari huɗu daga garin Luwisbil, masu suna Slint, suka fitar da Spiderland a 1991, suka watse tun kafin faifan ya shiga kasuwa, bai kuma sami masu saye da yawa ba a lokacin, amma kusan duk wanda ya ɗauki wannan hanya daga baya ya sha daga rijiyarsa. A Shikago ƙungiyar Tortoise ta shigo da salon jaz da dabarun sitidiyo na makaɗan Jamaika, har faifansu na 1996 ya buɗe da kiɗa ɗaya mai tsawon minti ashirin da ɗoriya.

Irin wanda abokinka yake kunnawa, mai farawa da raɗa ya ƙare da tsawa, ina kyautata zaton na rukunin da ya biyo bayan waɗannan ne: Mogwai daga Gilasgo, da aka kafa a 1995, ko Godspeed You! Black Emperor daga Montiriyal ta Kanada, ko Explosions in the Sky daga jihar Teksas, ko Mono daga Jafan. Dabararsu ba ɓoyayya ba ce. Mai jita ɗaya zai ɗauki ɗan gajeren kari, wataƙila sauti biyar ko shida, ya yi ta maimaita shi. Na biyu ya shigo da wani karin a samansa, mai ganga yana taɓa fata a hankali kamar mai tsoron tayar da jariri, kowane zagaye a ƙara abu kaɗan, har kunne ya saba ya saki jiki. To a nan ne suke sakin duk ƙarfin lasifika lokaci ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gida cikin watan Mayu yana kallon hadari yana haɗuwa ta gabas, iska ta tsaya cik, tsuntsaye su yi tsit, sannan ruwa ya ɓarke da ƙarfi a kan kwano, ya san wannan tsari tun kafin ya ji faifan kowa.

Batun rashin mawaƙi kuwa, ba doka ba ce, domin wasunsu suna sa murya jefi-jefi. Sai dai da zarar an sa kalmomi, kunne yakan bi su ya bar sauran, kayan kiɗa su koma 'yan rakiya. Su kuma 'yan rakiyar suke so a saurara. Wannan ne ma ya sa masu shirya fim suke nemansu, tunda kiɗan yana cika wuri ba tare da ya tsoma baki cikin maganar 'yan wasa ba. Masu sha'awar ƙwallo za su gane misalin fim ɗin da aka yi a kan Zinedine Zidane a 2006, inda kyamarori 17 suka bi shi shi kaɗai a wasan Real Madrid da Villarreal na watan Afrilun 2005 har zuwa lokacin da aka ba shi jan kati dab da tashi. Mogwai ne suka yi kiɗansa.

Tambaya daga wani dattijo, tsohon malamin makaranta, Tudun Wada: Na ji irin wannan kiɗa a wayar jikana, kuma ban ga amfaninsa ba. Mu da muka taso da Shata da Ɗan Maraya mun san waƙa tana koyar da tarihi, tana yaba mai kirki, tana tsawata wa malalaci. Kiɗa babu waƙa ai tuwo ne babu miya. Me yaro zai ƙaru da shi?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarku tana da tushe, kuma ba zan yi gardama a kan abin da waƙa take ɗauke da shi ba, domin rabin abin da yawancinmu muka sani game da sarakuna da attajirai da manoman da suka gabata daga bakin mawaƙa muka same shi. Amma ina roƙon ku ba ni dama in tuna muku wani abu da kuka fi ni sani. Ranar hawan salla, idan aka busa kakaki a ƙofar fadar Zazzau, babu wanda yake jiran a fassara masa kafin tsigar jikinsa ta tashi. Mai algaita yakan cika kumatunsa ya riƙe sauti ɗaya ba yankewa, yana shaƙar numfashi ta hanci yana busawa a lokaci guda, jama'a kuma su tsaya cak. Haka nan masu goge da kukuma, irin su marigayi Hassan Wayam da ya yi zamansa a garin nan, sukan ɗauki lokaci suna goga tsirkiya kafin su buɗe baki, kuma sau da yawa a wannan tsakanin ne 'yan kallo suke fara zuba kuɗi. Ashe kunnen Bahaushe ya daɗe da sanin cewa kayan kiɗa suna da nasu bakin.

Inda bambancin yake, kuma ina ganin nan ne abin ya tsaya muku, shi ne cewa kiɗanmu na gargajiya ko da babu murya akwai magana a ƙarƙashinsa. Idan mai kalangu ya matsa tsirkiyoyin da ke hammatarsa ya saki, hawa da saukar harshen Hausa yake kwaikwayo, shi ya sa mahauci yake jin takensa daga nesa ya san da shi ake, ɗan dambe kuma ya ji nasa ya zabura. Wato kalmomin suna nan, an dai ɓoye su cikin fata. Shi kuwa kiɗan da jikanku yake saurare babu wani take a bayansa, babu sunan kowa, ba a wasa kowa. An bar wurin a buɗe ne da gangan domin mai sauraro ya zuba abin da ke ransa. Mutum biyu za su ji faifai ɗaya, wannan ya tuna mahaifiyarsa da ta rasu, wancan ya ji ƙarfin gwiwar komawa kan karatunsa, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. A bara cikin hunturu na ziyarci wani tsohon mai kukuma a cikin birni, wanda ya daina fita wasa saboda ciwon ƙafa. Muna zaune a zaure yana jin ɗumi da gawayi a kasko, sai na kunna masa kiɗan wata ƙungiya ta ƙasar Aisilan mai suna Sigur Rós, wadda mai jitarsu yake goga jitar lantarki da baka irin na manyan gogen Turawa maimakon ya kaɗa ta da yatsa. Ban gaya masa komai ba. Ya karkatar da kai, ya rufe ido ɗaya, can sai na ga yatsun hannunsa na hagu suna motsi a kan gwiwarsa kamar yana danna tsirkiya. Da aka gama ya ce in mayar daga farko. A karo na biyu ya ce mini wannan yaron goge yake yi, amma yana da haƙuri fiye da 'yan gogen yanzu, domin ba ya barin sauti sai ya ga ƙarshensa. Bai tambayi me ake cewa ba, da ma kuma mawaƙin ƙungiyar yakan rera wasu waƙoƙinsa da gaɓoɓin da ba na kowane harshe ba, har faifansu na 2002 gaba ɗayansa haka aka yi shi, ba a ma sa wa waƙoƙin suna ba.

Don haka idan kuka tambaye ni abin da yaro zai ƙaru da shi, zan ce haƙurin sauraro. A zamanin da yawancin abin da ke cikin waya ba ya wuce daƙiƙa talatin kafin yatsa ya ture shi, yaron da zai zauna minti ashirin yana bin abu ɗaya daga tsirowarsa har faɗuwarsa yana horar da wani abu mai daraja a cikin kansa. Ba kuma zan ɓoye muku aibinsa ba. Bayan shekarar 2003 ƙungiyoyi masu yawa sun haddace wannan tsari na raɗa sannan tsawa, suka yi ta maimaita shi har mutum yana iya duba agogo ya faɗi lokacin da za a ɓarke, kuma irin wannan, gaskiyarku, tuwo ne babu miya. Shi ya sa da yawa daga cikin manyan makaɗan ba sa son a kira su da sunan fos-rok ɗin ma. Shawarata ita ce ku zaunar da jikan naku ku kunna masa Ɗan Maraya, ku ce ya toshe kunnensa daga waƙar na ɗan lokaci ya bi kuntigin kaɗai, ya ji abin da tsirkiya ɗaya a kan ɗan gwangwani take iya yi. Wanda ya saba da dogon kiɗan jita ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Tambaya daga wani matashi mai gyaran waya, Sabon Gari: Ina da tsohuwar jitar lantarki da ƙaramar amfilifaya da na saya hannu na biyu. Ta yaya suke fitar da wannan amo mai kama da iska ko kukan jirgi? Dole sai da kayan miliyoyi?

Amsa: Ƙanena, ba dole ba ne, kuma sana'arka ta riga ta ba ka rabin abin da ake bukata, wato sanin waya da dalma da haƙurin bin layin lantarki. Yawancin amon da kake ji yana fitowa ne daga wasu 'yan akwatuna da ake jerawa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, ana taka su da ƙafa, makaɗa suna ce musu feda. Guda uku ne ginshiƙi. Ta farko tana kama sautin da ka buga ta dawo maka da shi bayan ɗan lokaci, ta sake dawowa da shi a raunane, kamar amsa-kuwwar da ake ji idan aka yi kira a gindin dutsen Kufena. Ta biyu tana sa sautin ya zama kamar an buga shi a cikin katafaren ɗaki marar kaya, inda bango yake jefa wa bango. Ta uku tana naɗar 'yan daƙiƙoƙi na abin da ka buga ta yi ta juya shi, kai kuma kana ɗora wani a kai, har mutum ɗaya ya zama kamar ƙungiya. Wannan dabara ta uku ta girmi fedar kanta: a faifan da Robert Fripp da Brian Eno suka fitar a 1973, rikoda biyu suka ajiye gefe da gefe, zaren kaset ɗaya yana fita daga wannan ya shiga waccan, tazarar da ke tsakaninsu ita ce tsawon jinkirin. Yanzu duk waɗannan ukun akwai manhajojin da suke yinsu a waya da kwamfuta, wasu ma kyauta.

Amon da kake cewa kamar iska kuwa, sirrinsa shi ne ɓoye farkon sauti. Ka rufe maɓallin ƙarar jitar gaba ɗaya, ka kaɗa tsirkiya, sannan ka buɗe shi a hankali da ɗan ƙaramin yatsanka, sai sautin ya shigo babu wannan tsinken farko da ke tona cewa jita ce. Akwai kuma wata 'yar na'ura da ake riƙewa a hannu, EBow, da ta shiga kasuwa a 1976, wadda take girgiza tsirkiya da ƙarfin maganaɗisu ba tare da ta taɓa ta ba, sautin ya yi ta tafiya muddin batir yana da rai. In ba ka da ita, bakan goge zai yi maka aiki mai kama da haka a kan tsirkiyar gefe. Wasu sukan cusa sukudireba ko sandar ganga a ƙarƙashin tsirkiyoyi, kamar yadda ƙungiyar Sonic Youth ta birnin Niyok ta shahara da yi, su kuma sauya ɗaurin jitar daga wanda aka saba. Wanda ya kai wannan gwaji ƙarshe shi ne marigayi Glenn Branca, da ya tara masu jita 100 suka buga kiɗa ɗaya a Niyok a 2001.

Amma abin da na fi so ka ji ba daga Turai ko Amurka ya fito ba. Mdou Moctar, Buzu daga Jamhuriyar Nijar wanda yanzu yake zagaya duniya da jitarsa, ya ƙera ta farko da kansa da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko a Sakkwato aka naɗe shi a 2008, da salon sitidiyo irin na waƙoƙin finafinan Hausa, ya kuma bazu a Sahara daga waya zuwa waya ta katin memori kafin wani ƙaramin kamfani na Amurka, Sahel Sounds, ya ji shi ya neme shi. Shi yana waƙa, don haka ba fos-rok yake yi ba, sai dai idan ya saki jitar a tsakiyar kiɗa za ka ji irin wannan hauhawar da kake nema, an gina ta a kan karin ƙasarsa. Haka nan Mamman Sani na Yamai, wanda tun ƙarshen shekarun 1970 yake buga tsofaffin karin waƙoƙin Nijar a kan ogan na lantarki ba tare da murya ba, har gidajen rediyo da talabijin na ƙasar suka daɗe suna cike gurbin shirye-shirye da kiɗansa.

Na kawo waɗannan biyu ne domin ina tsoron kada ka ɓata shekara biyu kana ƙoƙarin zama kwafin wasu samari na Teksas, alhali suna nan da ransu suna yin abinsu fiye da yadda wani zai kwaikwaya. A nan Zariya ne a 1958 wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiyar da ta ce za ta karɓi dabarun Turawa amma ta zana abin da ke gida, kuma har yau ana karanta aikinsu a duniya. Ka ɗauki karin gurmi ko na garaya ka juya shi a fedar maimaici, ka rage masa sauri, ka saurari abin da zai zama. Ƙungiyar Godspeed takan naɗi muryoyin mutane a titi ta saka cikin kiɗanta, kai kuma kana da kukan jirgin ƙasa idan ya ratsa, da hayaniyar tashar Kwangila da magariba, da bugun maƙera. Ka dai nemi izinin duk wanda muryarsa za ta fito sarai. Abu ɗaya na aiki: tunda wuta ba ta da tabbas, kuma ƙugin janareto yana shiga wayar jita ya ɓata naɗi, ka fi dogara da batir, ka kuma yi naɗinka da sassafe kafin layin ya cika da masu walda.

Tambaya daga wata ma'aikaciyar jinya, Kongo: Ina son in riƙa jin irin wannan kiɗa bayan na tashi daga aikin dare, amma ban taɓa jin an sa shi a rediyo ba. A ina ake samunsa, kuma da wanne zan fara?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Ba za ki ji shi a rediyo ba domin tsawonsa ba ya barin wurin talla, kuma yawancin masu yinsa ba sa ƙarƙashin manyan kamfanoni. Ƙananan kamfanoni ne suke fitar da su, irin su Constellation a Montiriyal da Thrill Jockey a Shikago, da yawa kuma suna da wata sana'ar da suke ci da ita, suna wasa a ƙananan ɗakuna gaban mutum ɗari ko biyu. Ko Mogwai sai a 2021, bayan shekara 25 suna abu ɗaya, faifansu ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya. Dandalin Bandcamp, da aka buɗe a 2008, shi ne babbar kasuwarsu, kuma ana iya sauraron mafi yawan faifan a can kafin a saya, YouTube ma yana da su da yawa.

Tunda hutu kike nema, ki fara da faifan Explosions in the Sky na 2003, The Earth Is Not a Cold Dead Place, mai kiɗa biyar cikin kimanin minti 45, domin ya fi sauran taushi. Ki bar Godspeed sai ranar da ba ki gaji ba, saboda nasu yana da nauyi a zuciya. Ki sauke shi lokacin da data take da araha, ki sa iyafis na kunne biyu tunda jitocin an raba su dama da hagu, kuma kada ki ƙure ƙara a farkon kiɗan don kin ji shi ƙasa-ƙasa, domin abin da ke zuwa bayan minti shida ko bakwai ya ninka shi sau da yawa.